Wayata ta zama ofis, ku ba ni shawara

Malamar Lissafi: Salamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Tun kullen korona na 2020 aka buɗe mana guruf a WhatsApp, kulle ya wuce, guruf ya zauna daram. Yanzu goma sha ɗaya gare ni: na malamai, na iyaye, na 'yan WAEC, har na adashi. Ga Google Classroom, manhajar ba ɗalibai aiki, ga Facebook ɗin makaranta da aka liƙa mini don kawai na taɓa ɗaukar hoton ranar rabon sakamako ya yi kyau. Jiya bayan magariba wata uwa ta turo murya ta minti bakwai a kan maki biyu. Ina saurare, tuwo ya kama. Maigida ya daina magana, sai kallo. Yaya zan yi?

Tsohon Hedimasta: 'Yata, ke kika sake musu fuska. Sayi layi na biyu, ki ɗora WhatsApp Business. Guruf ɗin iyaye a kulle shi, admin kaɗai ya yi rubutu. Ƙarfe biyar ki kashe wayar. Magana ta ƙare.

Maman Hanif: Baba, makarantar kuɗi fa ta ce. Ka rufe wa iyaye baki, gobe mai makaranta ya kira ka ofis. Mu nan ko sisin data ba a ba mu, ga shi an ƙara mata kuɗi a 2025. Albashin watan jiya ma shiru.

Malamin Kwamfuta: Anti, ki tattara komai ki kai Telegram. Takardu suna nan ajiye ko kin canza waya.

Tsohon Hedimasta: Mai kukan kaya za ka ƙara wa dami? Shekara talatin na yi da alli, ba uban da ya taɓa buga mini ƙofa da dare.

Malamar Lissafi: Na gode Baba, amma kashewa ba za ta yiwu ba. Akwai yarinyar da sai yayanta ya dawo daga kasuwa take samun waya ta turo aikinta. Shuɗin alamar nan mai nuna an karanta saƙo ma na taɓa cirewa, aka ce girman kai nake ji.

Tsohon Hedimasta: To me kika zo tambaya?

Maman Hanif: Malama, adashin nan naku, zubin nawa ne?