Neman kalma: me za a kira "horizon" a shirin gobe?

Mai Shiri: Salamu alaikum malamaina. Gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya na rediyo, ga "horizon" ta tsaya mini a maƙoshi. A rubutun an yi amfani da ita ga inda ido ke ganin sama ta haɗu da ƙasa, da iyakar baƙin ramin samaniya (wurin da ƙarfin jansa ba ya barin ko haske ya tsere), har da hawa-hawan ƙasar noma. Ku agaza.

Dattijo: Yaro, wannan ai ba abin nema ba ne. Bangon duniya. Haka muka taras ana faɗa.

Malamar Jogirafi: Baba, a gafarce ni, bango wuri ɗaya yake tsaye, wannan kuwa bin mai kallo yake yi. Wanda idonsa ke mita 1.7 daga ƙasa, in yana bakin teku, ganinsa na ƙurewa a wajen kilomita 4.7. Ya hau hasumiya mai mita 100, ya kai kusan kilomita 36. Lanƙwasar duniya ce ke yanke masa gani, shi ya sa jirgin ruwa in ya yi nisa gindinsa ke fara ɓacewa, samansa na nan ana hange. In ka ce wa ɗalibi bango, sai ya ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce mai ƙarshe. Ni "maƙurar gani" nake koyarwa da ita.

Ɗan Zamani: Ta yi tsawo. Magamsama! Daga magamar sama da ƙasa. Kalma ɗaya tak, ga daɗin faɗa a rediyo.

Alaramma: Me ya hana ufuƙi? Tana cikin Suratun Najmi aya ta 7 da Suratut Takwir aya ta 23. Masu lissafin lokutan salla ma da ita suke aiki, da yawansu na sa alfijir lokacin da rana ke digiri 18 ƙarƙashin ufuƙi.

Dattijo: To ga shi nan. Mun gudu daga Turanci mun faɗa Larabci. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi a ce sai ya yi bara? Bangon duniya Hausa ce tsantsa.

Alaramma: Ranka ya daɗe, ita "duniya" daga ina ta zo? Kai ma Ɗan Zamani, "sama" ɗin da ka liƙa a taka Larabci ce.

Dattijo: Waɗannan sun daɗe, sun zama 'yan gida.

Alaramma: Da ma kowane ɗan gida baƙo ne ranar da ya iso.

Ɗan Zamani: Shi ya sa na ce Magamsama. Mu riƙa ƙirƙira, mu daina jiran wasu. In Bature ya haɗa kalma a ce ilimi, in mu muka haɗa a yi dariya.

Malamar Jogirafi: Ƙanena, Baturen ma aro ya yi daga Girkanci, asalinta "mai iyakancewa". Kuma gwada taka a baƙin rami mu gani. Can ba sama ba ƙasa. Iyaka ce da in abu ya ƙetare ta, ko haske ne, ba ya fitowa. Hoton farko da aka fitar ranar 10 ga Afrilu 2019, na ramin da ke tsakiyar tarin taurarin M87, zoben haske ne da duhu a tsakiya. Me ya gamu da me a nan?

Ɗan Zamani: Magamsamar rami mana.

Mai Shiri: Don Allah jama'a, dare na yi.

Malamar Jogirafi: Kada ka tilasta wa kalma ɗaya ɗaukar kaya uku. Ta yau da kullum, maƙurar gani. Ta baƙin rami, iyakar ba-dawowa. Ta ƙasar noma kuwa ka riga ka faɗa da bakinka, hawa: na sama mai duhun ruɓaɓɓen ganye, na ƙasansa inda yumɓu ke taruwa, har a kai ga dutse.

Alaramma: Na yarda da biyun ƙarshe. Amma a lissafin rana da wata, layin ba ya dogara da abin da ido ya iya gani, ko tsauni ya tare ka yana nan. Nan ufuƙi ce ta dace.

Mai Shiri: Na ɗauka. Ufuƙi in an zo kan taurari, sauran yadda Malama ta tsara. Na gode.

Dattijo: Ku yi yadda kuka ga dama. Amma ka ambaci bangon duniya ko sau ɗaya, don tsofaffi su san inda aka dosa.

Ɗan Zamani: Ni dai a shafina Magamsama zan ci gaba da rubutawa.