Elmina da Cape Coast a yini guda: zai yiwu?

Malami daga Zariya:
Assalamu alaikum. A wata mai zuwa zan je taro a Akra, babban birnin Ghana, kuma yini ɗaya tak nake da shi na kaina. Na daɗe ina son ganin tsofaffin sansanonin Turawa na bakin teku, inda aka riƙa tsare bayi kafin a ƙetara da su. Shin yini guda zai ishe ni in ga Elmina da Cape Coast, kuma dole ne sai da ɗan jagora?

Mazaunin unguwar Nima a Akra:
Wa alaikumus salam, Malam. Zai isa idan ka yi sammako, domin tafiyar ta kusa kilomita 150, kuma cunkoson motoci a garin Kasoa da ke kan hanya yakan ci lokaci. Ka fara da sansanin Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. Daga nan zuwa Cape Coast babu nisa. A ƙofa ake tara baƙi rukuni-rukuni, kowane rukuni da jagoransa.

Hajiya daga Kumasi:
Malam, ka riƙe jagoran nan da kyau, domin in babu shi farin bango da tsofaffin igwa kawai za ka gani. A Cape Coast namu ya sauko da mu kurkukun maza da ke ƙarƙashin ƙasa, ya kashe fitila na ɗan lokaci, haske bai rage ba sai ta wata 'yar kafa can sama, sannan ya gaya mana cewa a bisa kanmu ne Turawan suka yi cocinsu. Da muka isa ƙofar da ke fita bakin teku, wadda duk wanda ya bi ta ba ya dawowa, babu wanda ya iya cewa uffan. A Elmina kuma ka roƙi a nuna maka ɗakin da Ingila ta tsare Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, a 1896.

Tsohon direba daga Tamale:
Ina goyon bayan Hajiya. Kada a ruɗe ka da ƙara dajin Kakum a wannan yini, za ka yi komai a gurguje. Idan lokaci ya rage, gara ka hau tudun St. Jago da ke kallon Elmina, inda mutanen Holan suka girke igwa a 1637 don ƙwace sansanin. Ka kuma tambayi jagoran game da Salaga, kasuwar da fataken Hausawa suka sani saboda goro, domin bayi da yawa daga can aka koro su zuwa kudu.