An ce ajin share fage ya cika, mi zan yi da ɗiyata?

Maman Walida, Gusau:
Assalamu alaikum yan uwa, shawara nike nema. Ɗiyata ta cika shekara 5 na kai ta ajin share fage na firamaren gwamnati ta unguwarmu, hedimasta ya ce rajista ta cika sai dai in jira, kuma wai in kawo takardar haihuwa, ni kau gida na haife ta ba ni da ita. Na leƙa ajin wallahi ɗaki guda malama guda, yara bisa tabarma har bakin ƙofa, da yawansu ɗiyan bayin Allah ne da suka baro ƙauyukan Tsafe da Maru saboda ɓarayin daji. Ba ƙyashi nike ba, kuɗin makarantar kuɗi ne suka fi ƙarfina.

Malamin firamare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Takardar haihuwa ba ta da wuya, ki ɗauki katin rigakafinta ki je wajen ma'aikatan hukumar ƙidaya a sakatariyar ƙaramar hukuma su yi mata. Tun dokar UBE, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta 2004 karatun firamare na gwamnati kyauta ne kuma tilas. A tsari malami 1 yara 25 ne a wanga aji, amma mu da ke ciki mun san yadda abin yake. Ki samu shugaban kwamitin SBMC na makarantar, wato kwamitin iyaye da malamai da mutanen unguwa mai kula da ita, su ke iya kai kuka SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, a ƙaro malama.

Baban Sani:
Yaya ki yi haƙuri, mu ne muka cika maku ajin. Ɗana shekara 8 gare shi bai taɓa riƙe fensir ba don makarantar garinmu ta daɗe a rufe, da muka zo malamai suka ce ba ya iya aji ɗaya sai ya fara nan, shi ne babba cikinsu har kunya yake ji amma kullum shi ke fara tashi da safe.

Inna Hajo:
Ni abin da na lura yan mata sun fi yawa a share fage, sai an kai aji huɗu ka neme su ka rasa, talla ta ɗauke. Maman Walida kar ki yarda ta zauna gida jiran gurbi, ki koma ki sake komawa.

Maman Walida:
Na gode ƙwarai. Baban Sani Allah ya maida ku gida lafiya. Litinin in sha Allah zan fara zuwa sakatariya da katin.