Littafin fatalwa ga ƴan shekara 12 zuwa 14: a ba su ko a hana?

Maman Ƴan Biyu: Salamu alaikum ƴan zaure. Ga hoton bangon littafin nan na turo. A Kasuwar Dole na saye shi jaka guda, wajen masu tsofaffin littattafai, da Faransanci yake. Ƴata mai shiga sizyam, ajin farko na sakandare, na saya wa don bakans, wato dogon hutu, amma na ce sai na fara karantawa. A labarin, wata yarinya ce ƴar shekara 13 aka kai ta hutu gidan kakarta. Kullum tsakar dare sai ta ji ana daka a kangon da ke maƙwabtaka, gari ya waye ba turmi ba taɓarya. Duk babban da ta tambaya sai ya ce ta yi shiru. Abin da ya burge ni, ba wanda ya ba ta laya ko tsafi. Da tambaya da naci ta gano cewa innarta ce da ta rasu tana budurwa, wadda gidan suka daina ambaton sunanta. Ƙarshen ne ya ba ni haushi: wani tsoho ya zo ya zauna ya zayyana komai cikin shafi uku, yarinyar da ta sha wahala ta koma ƴar kallo. In ba ta ko in ɓoye?

Malam na Birni: Wa alaikumus salam Hajiya. Aljanu gaskiya ne, sura guda gare su a Alƙur'ani. Amma mamaci ya dawo yana daka, wannan ƙage ne, ki faɗa mata haka tun kafin ta buɗe. In babu girmama boka a ciki, ban ga laifi ba.

Maman Ƴan Biyu: Babu boka ko ɗaya, Malam. Allah ya saka.

Mushe na CEG (malamin ƙaramar sakandare): Ki ba ta, Hajiya. Ɗalibaina da ba sa iya gama shafi biyu na darasi, irin wannan labari suke cinyewa a kwana biyu don son sanin wa ke dakan. Ƙarshen da kike kuka da shi ma aiki ne: ki ce ta rubuta nata a kaye, littafinta na rubutu. Na Hausa kuwa, a nemo mata Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Akwai aljanu, akwai dariyar Malam Zurƙe. Sai dai mai labarin babban mutum ne, kuma ba wani sirri da ake tonowa, tafiya ce kawai.

Gwaggo ta Zango: Ni dai ban yarda a karanta da dare ba. Jikana ya ji irin wannan a waya, mako guda ba ya zuwa bayan gida shi kaɗai, ga wuta ana ɗaukewa. Da hantsi, a tsakar gida, kina kusa.

Ɗan Jami'a: Gwaggo, ai ku kuka fara ba mu tsoro da Dodo a tatsuniya 😂

Gwaggo ta Zango: Kai ɗan nan, namu Dodon a kan cinyata kake jin sa.

Mushe na CEG: In tsoro ne matsalar, Magana Jari Ce ya fi sauƙi. Littafi uku ne, labarai gajeru, a na farkon aku ke ba Musa ɗan sarki labari don ya hana shi fita. Amma a zauna da ita kwanakin farko. Yaranmu da Faransanci suka koyi karatu, ƙ da ɗ da ɓ suna sa su tuntuɓe.

Maman Ƴan Biyu: Ina ake samu a nan Damagaram?

Ɗan Jami'a: Mama, masu zuwa Kano sari ke kawowa. Ina da na ɗaya, bango ya ɗan yage. Jibi in na fito lacca zan hau kabu-kabu in kawo miki, ke kuma ki ara mini na dakan.

Maman Ƴan Biyu: Sai ta gama, ɗana. Layi za ka bi, Mushe ya riga ka ta waya.