Wace sanda, wane manaɗi da wane zare suka dace da kamun kifin kap a Ingila?

Ɗan Yawuri:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin harkar fatsa a ƙasar Ingila. Na tashi a Yawuri, inda sandar gora da zaren roba da tana suka ishe mu kamun tarwaɗa da karfasa a bakin kogi. Yanzu karatu ya kawo ni Birmingham, kuma kusa da masaukina akwai wani tafki da ake biyan kuɗin yini a yi fatsa, faɗinsa bai wuce mita 70 ba, yana ɗauke da kifin nan da suke kira kap. Da na shiga shagon kayan fatsa, sai mai shagon ya ɗauko mini sanda mai tsawon ƙafa 13 wadda aka rubuta 3.5 a jikinta, tare da wani ƙaton manaɗin zare, ya ce da irinsu ƙwararru suke aiki. Kuɗin ya fi ƙarfina, kuma ban fahimci ma'anar lambar ba. Shin dole ne sai da waɗannan kaya, ko akwai abin da ya fi dacewa da mai koyo?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lambar da ka gani tana nuna nauyin da za a rataya a kan sandar, a ma'aunin laba, kafin tsininta ya lanƙwaso ya yi kusurwa mai digiri 90 da gindinta. Mutane da yawa suna zaton girman kifin da za ta iya ɗauka take nunawa, alhali amfaninta na farko shi ne sanin nauyin darmar da za ta iya wurgawa da kuma nisan da za ta kai ta. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne kowace laba ɗaya tana ɗaukar kimanin oza ɗaya, wato kusan giram 28, ta darma. Sanda mai 3.5 an yi ta ne domin manyan tafkuna, inda sai an jefa koto fiye da mita 100 kafin a iske kifi.

A tafki irin naka, sanda mai ƙafa 12 da lamba 2.75 ta wadatar, kuma idan bakin ruwan yana da bishiyoyi masu sunkuyowa, mai ƙafa 10 ta fi sauƙin sarrafawa. Sanda mai tauri da yawa tana da illa a kusa: lokacin da kifin ya iso gabanka ya yi fizgar ƙarshe, idan sandar ba ta lanƙwasa ta shanye ƙarfin ba, sai ƙugiyar ta yage bakinsa ta fita. A shekarar 1952 wani mai fatsa ɗan Ingila, Richard Walker, ya kama kap mai laba 44, wato kusan kilo 20, a tafkin Redmire, da sandar gora mai ƙafa 10 wadda lambarta ba ta wuce 1.5 ba, aka kai kifin gidan ajiye namun daji na Landan da ransa. Saboda haka ka fara duba ruwan da za ka yi fatsa a ciki kafin ka duba abin da ke rataye a shago.

Mai Jiran Koto:

Na yarda da bayanin Malam a kan sanda, sai dai ina ganin 3 ta fi 2.75 ga wanda sanda ɗaya kawai zai iya saya, domin wata rana zai so gwada ruwa mai faɗi. Wajen manaɗi kuwa, ƙaton nan ba shi da amfani a gare ka. Nemi matsakaici mai lamba 6000 ko 8000, wanda yake da ɗan maɓalli a baya da ke sakin zare, irin Baitrunner na kamfanin Shimano ko makamancinsa. Kap ba ya taɓa koto a hankali yadda karfasa take yi. Yana ɗauka ne ya zabura, kuma idan zaren a ɗaure yake zai iya jan sandar cikin ruwa kana kallo. Da maɓallin, zaren zai yi ta warwara, kana juya hannun manaɗin sai ya kama.

Zare shi ne wurin da ba na son a yi tsumulmula. Ka sayi na roba mai ƙarfin laba 12 idan ruwan fili ne, ko 15 idan akwai ciyawa da saiwoyi. Zaren roba yana miƙewa kaɗan, wannan miƙewar kuwa tana rufa wa mai koyo asiri. Saƙaƙƙen zare kusan ba ya miƙewa, kuma masu tafkuna da dama sun hana amfani da shi. Ka jiƙa sabon zare a ruwan ɗumi kafin ka naɗa, ka cika manaɗin har ya rage kamar milimita 2 ya kai baki, kuma ka shafa wa kowane ƙulli yawu kafin ka ja shi. Ni na taɓa barin zare shekara biyu ban canza ba, rana ta ci shi, ya tsinke a daidai lokacin da kifin ya kwanta a gefensa a gaban ragata, ina ganin ɓawon jikinsa launin zinariya. Abin da ya fi damuna shi ne ya tafi da ƙugiya a baki.

Malamar Makaranta:

Ɗan'uwa, ka ware wani abu daga kuɗin domin abubuwan da ba za a bar ka ka zauna a bakin ruwa babu su ba. Duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin fatsa na Hukumar Kula da Muhalli, kuma tarar rashinsa tana iya kai wa fam 2,500. Yawancin tafkunan kap suna sharɗanta babbar ragar kwasa mai inci 42 da shimfiɗa mai laushi da ake kwantar da kifin a kai, wasu kuma ba sa yarda da ƙugiya mai ƙaya. A can ana mayar da kap cikin ruwa da ransa, ba a tafiya da shi gida, don haka ka karanta dokokin tafkin tukuna.

Ɗan Yawuri:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na je na karanta allon dokokin, na tarar sun hana saƙaƙƙen zare da ƙugiya mai ƙaya. Zan ɗauki sanda mai ƙafa 12 da lamba 2.75, da manaɗi mai 6000, da zare mai laba 15, domin akwai ciyawa a gefen da nake son zama. Lasisin kuma zan nema a wannan makon in Allah ya yarda.