Neman kalmar Hausa: abin da waɗanda aka farfaɗo da su ke cewa sun gani

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 9 na safe za mu ɗauki shirin rediyo, kuma har yanzu suna ya gagare ni. Batun shi ne abin da Turawa ke kira near-death experience. Zuciyar mutum ta tsaya, ko ya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai, a samu a farfaɗo da shi, sai ya ce ya ga jikinsa kwance yana kallonsa daga sama, ko ya bi ta wani rami mai duhu ya tarar da haske, ko ya haɗu da iyayensa da suka rasu. Ba'amurke Raymond Moody ne ya yaɗa sunan a littafinsa na 1975. Tambayar shirin ita ce, wannan hujja ce ta rayuwa bayan mutuwa ko aikin ƙwaƙwalwa ne? Sunan zai maimaitu a bakina fiye da sau ashirin, ina son gajere.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Kada dai ka ce "ƙwarewar kusa da mutuwa". Na taɓa ganin an rubuta haka. Ƙwarewa ta makaniki ce da tela. Gwada "ɗanɗanar mutuwa".

Ɗalibin Larabci: Wannan tana da mai ita. A Ali Imrana aya ta 185 an ce kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, kuma can mutuwar gaske ake nufi, wadda ba a dawowa. Haka "gargara" da "magagin mutuwa", duka na mai tafiya ne. Larabawa sun gina nasu sunan a kan kalmar tajriba, wato abin da mutum ya fuskanta da kansa. Me zai hana mu ce "tajribar kusantar mutuwa"?

Tsohon Malami: Ban yarda ba. Shekara talatin ina koyar da Hausa, ciwon da nake gani kenan kullum: da mun rasa kalma sai mu ruga Larabci ko Turanci kamar marayu. Bahaushe ya riga mu raɗa wa abin nan suna. Idan mutum ya sha jinya har aka fid da rai, ya kuma tashi, cewa ake yi ya leƙa lahira ya dawo. To ga shi nan: leƙen lahira. Kalma biyu, daɗin faɗi, tsohuwa da yaro duk za su gane. Ka rubuta ka je ka kwanta.

Mai Shiri: Gaskiya, Malam, ta zauna a kunne.

Likita: Ta zauna, Malam, amma ina roƙo a dakata. Shirin tambaya yake yi ko abin nan yana nuna lahira. Idan aka kira shi leƙen lahira, suna ya riga ya amsa tambayar tun ba a buɗe baki ba. Masu bincike kansu ba su kai nan ba. A 2001 likitan zuciya Pim van Lommel na ƙasar Holan ya wallafa bincike a mujallar Lancet kan mutum 344 da aka farfaɗo da su bayan zuciyarsu ta tsaya. Mutum 62 ne suka ba da irin wannan labari, kusan 18 cikin ɗari, sauran ba su tuna komai ba. Sai binciken Sam Parnia da ya fito a 2014, a asibitoci 15 na Birtaniya da Amurka da Ostiriya. Sun kafa kantoci can sama kusa da rufi, suka ɗora hotunan da sai wanda ke kallo daga sama ne zai gan su. Cikin mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya ba a samu wanda ya faɗi hoton ba. Akwai mutum ɗaya da ya bayyana abin da aka yi a kansa, aka duba takardun asibiti aka ga ya dace, amma ɗakin da abin ya same shi babu kanta. Wannan shi ne abin da ke hannu.

Tsohon Malami: Likita, kana musun lahira ne?

Likita: Subhanallah, Malam. Na yi imani da lahira kamar yadda ka yi, kuma imanina bai rataya a kan kantar asibiti ba. Shi ya sa ma ba na son a ɗaura shi da wannan binciken.

Ɗalibin Larabci: A nan ina bayan Likita. A Suratul Mu'minun aya ta 99 da 100, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi, aka ce a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar tashi. Wanda ya dawo, ajalinsa bai yi ba, da sauran shan ruwansa. In an ce ya leƙa lahira a hira, kowa ya san azanci ne. In ka mayar da shi sunan ilimi a rediyo, wani zai ɗauka da gaske. Sannan Malam, da girmamawa, "lahira" ɗin ma Larabci ce, daga al-akhira.

Tsohon Malami: Yaro, lahira ta shekara ɗaruruwa a bakin Hausawa, ta zama 'yar gida. Tajribarka ko ƙofar gida ba ta sani ba. Ku da kuka yi karatun boko da na Larabci kun ɗauka duk abin da bai fito daga littafi ba ƙauyanci ne.

Mai Fassara: Malam, a yi mana adalci. Mu da ke fassara labarai kullum mu ne ke shigar da kalma bakin jama'a. Masana sun sha zama su raɗa kalmomi, su buga, kalmomin su kwanta a takarda.

Tsohon Malami: Ku ne kuma kuka cika harshen da tarkace. Duk wanda ya riƙe makirufo ya zama mai raɗa suna.

Mai Shiri: Don Allah iyayena da yayyena, ƙarfe 11 ta wuce. Mu dawo kan kalma.

Likita: To ga tawa: "gane-ganen gab da mutuwa". Akwai dalilin zargin ƙwaƙwalwa. A 2002 Olaf Blanke a Siwizalan ya taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar wata mai farfaɗiya da ɗan lantarki, ta ce tana ganin kanta daga sama. A 2013 Jimo Borjigin ta Jami'ar Michigan ta ga ƙwaƙwalwar ɓeraye ta yi wani tashi mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya. A 2023 ita da abokan aikinta suka ga makamancin haka a mutum biyu cikin huɗu da aka cire wa na'urar numfashi, sai dai waɗannan ba su tashi sun ba da labari ba.

Uwar Biyu: Tun ɗazu nake karantawa, ban so magana ba. Abin nan ya same ni shekara bakwai da suka wuce, wajen haihuwar 'yan biyuna. Jini ya ɓalle. Na tuna ƙarar ƙarfe ya faɗi ƙasa, sai ciwon ya ɗauke gaba ɗaya. Na ga ƙeyar ma'aikaciyar jinya, ɗankwalinta ya zame, tana danna cikina da hannu biyu, ni kuma kamar ina can sama. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, wata natsuwa ce da ban taɓa jin irinta ba. Na yi shekara biyu ban faɗa wa kowa ba don kada a ce na taɓu. Likita, in na kunna rediyo na ji an ce "gane-gane", kashewa zan yi. Gane-gane da sambatu na mai zazzaɓi ne ko mai taɓin hankali. Malam, ni kuma ban ce na je lahira ba. Ban ga hisabi ba, ban ga mala'ika ba. Na san dai na ga wani abu, kuma tun ranar ban ƙara jinkirta sallah da gangan ba.

Likita: Allah ya ƙara lafiya, Hajiya, ya raya yaran. Na janye "gane-gane", kin fi ni gaskiya.

Mai Fassara: To a cire maimaicin, tunda shi ne ke kawo raini. A bar "gani" tilo. Ganin gaɓar mutuwa. Gaɓa kamar ta kogi: ka isa bakin ruwa, ba ka haye ba. Bai ce lahira ba, bai ce mafarki ba.

Ɗalibin Larabci: Ba gani kaɗai ba ne ai. Hajiya ta ambaci natsuwa, wasu sauti suke ji. Ma'aunin da likita Bruce Greyson ya fitar a 1983 don tantance irin wannan labari tambaya 16 ne, har da sauyin lokaci da saurin tunani a ciki.

Mai Fassara: Bahaushe yana cewa na ga wuya, na ga ta kaina. Ganinmu ya wuce ido.

Likita: Saura ƙorafi ɗaya, ya shafi sunan Turancin ma. A 1990 an duba takardun mutum 58 masu irin wannan labari, aka tarar 30 ba su kai bakin mutuwa ba a likitance, sun dai ɗauka mutuwa za su yi. Amma ba zan tare hanya a kan wannan ba, ka dai ambata a shirin.

Mai Shiri: Ga yadda zan yi. A farko zan yi cikakken bayani sau ɗaya, daga nan in riƙa cewa "ganin gaɓar mutuwa". Taken shirin kuma zai zama tambaya: "Leƙen lahira ne ko aikin ƙwaƙwalwa?" Hajiya, kin yarda in karanta labarinki ba tare da suna ba?

Uwar Biyu: Na yarda. Kada dai a ƙara masa komai.

Tsohon Malami: Ni ban gamsu ba. "Ganin gaɓar mutuwa" ta yi nauyi a harshe, za ka ji da kanka gobe. Masu kiran waya tawa za su riƙa faɗa, ka saurara ka gani. Amma tunda Hajiya ta yi magana, na bari. Ka dai ja alamar tambayar nan da murya sosai, tunda a rediyo ba a ganinta.