Neman shawara: dattawa sun ƙi sa hannu a takardar bincikena kan layin dogon Zariya zuwa Bukuru

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, a taimaka mini da shawara, na kakare.

Ina karatun digiri na biyu ta intanet a wata jami'a a Ingila, fannin tarihin jiragen ƙasa. Bincikena a kan ƙaramin layin dogon nan ne da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Bukuru domin kwasar kuza, wanda ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Rahotannin Turawan mulki na samu, amma duk lissafin kuɗi ne da nauyin kaya. Ni kuwa labarin leburorin nake nema.

Na je Dutsen Wai na sami wani dattijo da ya hau jirgin yana yaro. Muka zauna a tabarma a zaurensa, hira ta yi daɗi, har ya nuna mini inda layin ya ratsa ta gefen gonarsu. Ina fito da takardar amincewa, sai ya janye hannu ya ce, "Ɗana, labari kyauta ne, amma ba na dangwala yatsa a takardar da ban san ƙarshenta ba." Mutum uku ke nan suka faɗa mini haka, kuma wallahi ban ga laifinsu ba.

Dokar makarantar kuma ita ce: babu sa hannu, babu amfani da hirar. Saura wata huɗu in miƙa aikin.

Akwai wanda aka taɓa karɓar masa amincewar baka da aka naɗa a waya? Yaya kuka rubuta buƙatar? Ko in bi ta hannun mai unguwa ya zama shaida?